Shawara ga matasanmu masu neman abin yi

Salam 'yan uwa, wai yanzu kowa sai ya ce harkar kwamfuta zai koya, alhali ba kowa ke da laftof da kuɗin data ba. Ga walda, ga gyaran firij da AC, ga aikin famfo da tayil, duk ana cin abinci da su wallahi, ku leƙa kasuwar Panteka ta masu ƙere-ƙere a Kaduna ku gani, mai haɗa sola kuwa sai ka yi ta kiransa bai da lokacinka saboda rashin wutar nefa. Ka nemi oga mai amana ka zauna ƙarƙashinsa, in hannunka ya faɗa ka je ma'aikatar ƙwadago ka yi Trade Test, wato jarrabawar gwajin ƙwarewa a sana'ar hannu, daga mataki na 3, wato na ƙasa, ake farawa, kamfanonin gine-gine na tambayar takardar.