Ciwon Mara a Ingila: Yadda Za Ki Nemi Wani Likita Idan Na Farko Bai Saurare Ki Ba

Macen da ta sauka a Ingila daga Kano ko Zariya ko Maraɗi takan ɗauka cewa ta zo ƙasar da ake gano cuta nan take. Shi ya sa abin yakan ɗaure mata kai idan ta yi watanni tana fama da ciwon mara, ta je wurin likitan unguwa da ake kira GP, ya ba ta minti goma, sannan ya ce ciwon al'ada ne, ta sha farasitamol. Ba ita kaɗai ke gamuwa da haka ba. Ƙungiyar Endometriosis UK ta bayyana a 2024 cewa a matsakaici mace kan shafe shekara 8 da wata 10 kafin a tabbatar mata da cutar endometiriyosis mai haddasa ciwon mara, kuma a Disambar shekarar wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya fitar da rahoto yana sukar yadda ake ɗaukar ciwon mata a matsayin abin da ya kamata su jure.

Sai dai mu Hausawa muna da ƙarin matsala da muke tahowa da ita daga gida. Na taɓa raka wata maƙwabciyata, matar wani ɗalibi, zuwa wurin likita, bayan na same ta da asuba a durƙushe kan dardumar falo, ta danne mara da robar ruwan zafi, ta yi amai sau biyu. Da likitan ya tambaye ta yadda ciwon yake, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Mijinta, wanda shi ke yi mata tafinta, ya fassara kalmar yadda ta fito, likitan kuma ya rubuta cewa ciwon yana raguwa. A wurinmu "da sauƙi" ladabi ne da tawakkali, har wanda ke kwance rai a hannun Allah yakan faɗe ta, amma a fayil ɗin asibiti bayani ne da za a yi aiki da shi. Maganar zafin da take ji lokacin saduwa kuwa ko kusa ba ta taso ba, domin ba za ta iya furta ta a gaban maigidanta da baƙon namiji ba.

Yawancinmu mun tashi muna jin ana kiran kowane ciwon mara da sunan sanyi, ko a ce wa budurwa ta yi haƙuri, idan ta yi aure ta haihu zai daina. Ciwon da ke hana ki zuwa aiki ko makaranta ya wuce a bar shi a haka. Endometiriyosis, wato nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana shafar kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙarin mahaifa da ake kira faiburoid ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen mata, kuma yakan jawo zubar jini mai yawa har jinin jiki ya yi ƙasa. Akwai kuma ƙulli a gidan ƙwai da kumburin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Abu guda da nake so ki riƙe da kyau shi ne, ƙa'idar hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila hanyar aiki, ta ce kada a kore yiwuwar endometiriyosis don kawai hoton sikanin ya fito lafiya lau, domin wani lokaci sai an zura ƙaramar kyamara ta cibiya ake ganinsa.

Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne, kuma ba wanda zai riƙe ki a zuci saboda shi. Doka ba ta tilasta a ba ki shi a tsarin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ba, amma da wuya a hana wadda ta nema da hujja. Hanya mafi sauƙi ita ce ki kira asibitin unguwar da kika yi rajista ki ce kina son ganin wani likita daban, mace idan kin fi sakewa da ita, ki kuma roƙi a haɗa miki lokacin ganawa biyu wuri guda. Ki nemi tafintan Hausa tun ranar da kike ɗaukar lokacin, kyauta ne, ko da ta waya za a haɗa ku. A ganina ya fi kyau maigida ya jira a waje ko ya zauna a matsayin mai rakiya kawai, kuma kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa irin wannan zance. Idan asibitin gaba ɗaya bai kwanta miki ba, kina iya komawa wani ba tare da kin faɗi dalili ba, kuma rajista da GP ba ta buƙatar shaidar izinin zama.

Kada ki shiga ganawa ta biyu hannu rabbana. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun da ciwon ya taso, daidai inda yake, ko yana ƙaruwa lokacin haila ko fitsari ko bahaya ko saduwa, audugar mata nawa kike canzawa a yini, da maganin da kika sha, har da jiƙo ko garin gargajiya da aka aiko miki daga gida. Za a ce ki auna zafin daga 0 zuwa 10, to ki faɗi lambar ranar da ya fi tsanani, ki ƙara da abin da ya hana ki yi, kamar kwana uku ba ki iya tsayuwa a sallah ba. Daga nan ki tambayi likitar kai tsaye me take zato, wane gwaji zai tabbatar da shi, kuma yaushe za a tura ki wurin ƙwararren likitan mata. Idan aka ba ki ƙwayar tazarar haihuwa, ki sani cewa magani ne da ake amfani da shi don rage wannan ciwo, amma idan kina neman haihuwa ki faɗa tun a lokacin. Budurwar da ba ta yarda da sikanin ta farji ba tana da damar cewa a yi mata ta saman ciki.

Idan aka ƙi tura ki wurin ƙwararren, ki ce cikin natsuwa a rubuta a fayil ɗinki cewa kin nema an ƙi, tare da dalili, daga baya ki duba manhajar NHS ki ga abin da aka rubuta. A Satumbar 2025 an fito da wata ƙa'ida da aka sa wa sunan Jessica Brady, matashiyar da cutar daji ta kashe a 2020 tana da shekara 27 bayan ta yi ta tuntuɓar likitocin unguwarsu ba a gano ba. Ƙa'idar ta buƙaci likita ya sake nazari daga tushe idan mutum ya zo sau uku da matsala ɗaya ba a gano musababbinta ba. Ƙorafi kan asibitin unguwa manajansa ake fara kai wa, na babban asibiti kuma ofishin PALS, mai sauraron koke-koken marasa lafiya. Da zarar an amince a tura ki, kina da damar zaɓar asibitin da za ki fara zuwa. Manufar gwamnati ita ce a fara magani cikin mako 18, amma layin likitan mata yakan wuce haka sosai, don haka idan ciwon ya ƙaru kina jira, ki koma wurin GP ya rubuta wa asibitin a gaggauta.

Akwai ciwon da ba a jira masa layi. Idan ya taso farat ɗaya da tsanani, musamman a gefe guda, tare da jiri ko suma ko zafi a ƙarshen kafaɗa, alhali kina da ciki ko al'adarki ta yi jinkiri, yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, kuma lambar gaggawa ta 999 ake kira ko a wuce sashen gaggawa. Idan kuwa zazzaɓi ne ya haɗu da ciwon kuma asibitin unguwa a rufe yake, ki kira layin wayar NHS na 111, suna aiki dare da rana, kuma kina iya neman su haɗa ki da tafinta.