Yadda za ki duba nononki da kanki, da abin da za ki yi in kin ji ƙullutu

Abin da yake yaudarar mata game da dajin nono shi ne yawanci ba ya farawa da ciwo. Ƙullutu ne mai tauri, ba zafi ba zugi. Mace ta ji shi wajen wanka, ta ce ai zai baje. Wata shida, shekara, sai ya fashe ya zama gyambo, sannan a ɗauko ta daga Mirya ko Magarya a kawo Damagaram, alhali cuta ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan cuta, kimanin 670,000 suka rasu. Amma wadda aka gano nata tun yana ƙarami bai bazu ba, galibi tana warkewa. Shi ya sa nake so kowace mace ta iya wannan dubawar.

Fara da tsayar da rana, sau ɗaya a wata. In kina haila, ki bari sai kwana 7 zuwa 10 daga ranar da jini ya fara, lokacin nono ya saki, kumburin al'ada ya sauka. Wadda ta daina haila ta riƙe rana guda, misali ɗaya ga wata. Mai ciki ma ta duba. Mai goyo ta bari yaro ya sha ya ƙoshi tukuna.

Ki shiga ɗaki inda akwai haske, ki tuɓe riga, ki tsaya gaban madubi. Ki duba hannuwa a sake, sannan ki ɗaga su sama, sannan ki kama ƙugu ki danna. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma ba komai ba ne in dama can haka kike. Abin nema shi ne sabon canji: wuri ya lotsa ciki, fata ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki alhali da a waje yake, ko ya yi ƙuraje da ɓawo ya ƙi warkewa. Ki leƙa cikin rigar nono kuma, ko akwai tabon jini ko wani ruwa da yake fita da kansa daga gefe guda.

Sai lalube, kuma nan ne ake yawan kuskure. Ki kwanta rigingine, ki sa matashi ƙarƙashin kafaɗar dama, hannun dama a bayan kai. Da hannun hagu za ki duba, da cikin yatsu uku na tsakiya a haɗe. Kada ki cafki nonon tsakanin babban yatsa da sauran, don in kin yi haka ko'ina ƙullutu za ki ji, hankalinki ya tashi a banza. Ki riƙa dannawa kina ɗan murzawa, da sauƙi, sannan da ɗan ƙarfi, sannan har ki ji haƙarƙari. Ki bi layi-layi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan nono, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Ki daɗe a ɓangaren sama na wajen hammata, don a nan cutar ta fi fitowa. Hammatar kanta ki lalube ta, ko akwai kaluluwa mai tauri. Sai ki juya ɗaya gefen.

To, in kin ji wani abu fa? Mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne, musamman ga ƴan mata. Sai dai hannu ba ya iya bambancewa, ko da na likita ne. Ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a cikin satin nan, ki nuna wa ungozomar likita, ki nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Damagaram in ta ga da buƙata. A can za a iya sa ki yi hoto, eko ko mamografi. Abin da yake tabbatar da cutar shi ne a ɗebi ɗan nama daga ƙullutun a kai ɗakin bincike.

Na san a nan ne zuciya take karyewa, don an taso ana jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya haukace. Ba haka ba ne. Waɗanda ake ba da labarinsu, cutar ta riga ta bazu kafin su iso hannun likita. Jira ne yake ba ta dama, da tsagar wanzami, da shafe-shafen magani masu ƙona fata. Ki yi addu'a, ki nemi a yi miki, amma ƙafarki tana hanyar likita.

Masu goyo su ƙara kula. Kumburin nono mai zafi da zazzaɓi sananne ne a jego, kuma yana sauka da magani. Wanda aka sha magani sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ko ƙullutun da yake nan daram bayan yaro ya sha, a koma a sake nunawa.

Haɗarin yana ƙaruwa da shekaru, musamman daga 40. Haka in uwa, ƴar'uwa ko ɗiya ta taɓa yi, ko dangi na wajen uba, da ƙiba, da shan giya, da jinkirin haihuwar fari har bayan shekara 30. Shayarwa mai tsawo tana rage shi, amma ba ta kawar da shi. Kusan rabin masu cutar ba su da wani dalili sai zamansu mata da shekaru, don haka kada ki ce ai babu a danginmu. Maza ma suna yi, duk da bai wuce ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. Ba a ɗaukar ta wajen wani, ba sai an ware wa mai ita kwano ba.

In bincike ya tabbatar, magani yakan haɗa tiyata, da ƙarin ruwan magani, wani lokaci da gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, wanda aka fara yi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai tun 2021. Tafiya ce mai nisa da kashe kuɗi, don haka tun ranar farko ki gaya wa maigida ko wata ƴar'uwa da kika yarda da ita. Ki tara takardunki da hotuna a jaka guda, kuma kafin ki bar gaban likita ki tambayi ranar komawa, a rubuta miki ita.