Kurakuran da muke tafkawa wajen gyaran tsofaffin gatura da kayan aikin hannu

Gatarin farko da na ce zan gyara, da hannuna na kashe shi, kuma ban ma san na kashe shi ba sai da na kai shi jikin icce. Tsohon kan gatari ne na tsinta cikin tarkacen kayan gwanjo, guntun ƙota ya karye a cikin idon, wato ramin da ƙota ke shiga, ya ƙi fita, na buga na buga a banza, sai wani ya ce min ai wannan ba abin wahala ba ne, jefa shi a wuta katakon ya cinye. Na jefa. Katako kuwa ya cinye tas, na sa sabuwar ƙota, na wasa bakin har yana aske gashin hannu, sara uku kacal a busasshen icce bakin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani.

Abin da ban sani ba a lokacin, bakin gatari ba ɗaya yake da sauran jikinsa ba. Maƙeri yana gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan, tsakanin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin salshiyas, don kada ya riƙa ɓantarewa. Duk zafin da ya haura wannan warware aikin yake yi, wutar icce kuwa ta wuce nan nesa ba kusa ba. To in guntun ƙota ya maƙale maka, yanke shi da zarto daidai ƙasan kan, ka sa injin huda ka yi masa ramuka huɗu ko biyar, ka zare duk wata ƙusa ko wejin ƙarfe, wato ɗan guntun da aka cusa ta sama don ya matse ƙotar, sai ka buge shi daga ƙasa ya fita ta sama. Wasu gaturan Plumb na Amurka, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa sama, da wani jan gam mai tauri aka liƙe su maimakon weji, waɗannan sai ka yi haƙuri ka ɓanɓare shi kaɗan kaɗan, amma dai ban da wuta.

Giranda ma wuta ce, mutane ne ba sa ɗaukar ta haka. Mutum ya ga baki ya dakushe ya ɗan yi giɓi, sai ya kunna inji yana ta feshin tartsatsi yana jin daɗi, kafin ya ankara gefen bakin ya yi launin rawaya-rawaya, daga nan ya koma shuɗi. In ka ga shuɗin nan, wurin ya riga ya yi laushi, sai dai ka goge shi gaba ɗaya har ka isa ƙarfen da bai ƙone ba, ka ga ka yi asarar ƙarfen da zai yi shekaru ana wasawa. Ni yanzu magagari nake sawa, in matse kan a bais, wato ƙarfen da ke riƙe abu gam a kan tebur, in bi shi a hankali, sannan dutsen washi. In dole sai inji, to ka ajiye bokitin ruwa a gefe, ka taɓa ka tsoma, ka taɓa ka tsoma, kuma kar ka sa safar hannu mai kauri da za ta hana ka jin zafin, da zarar yatsanka ya kasa jurewa ƙarfen ma ya kusa gajiya.

Amma fa kuskure da yawa tun wurin saye ake yin sa. Sabon shiga tsatsa yake tsoro, sai ya bar kan gatari mai lafiya don ya yi jawur, ya ɗauki wanda wani ya riga ya goge yana ƙyalli. Tsatsar sama ba komai ba ce wallahi, rabin awa da buroshin waya ta tafi. Abin dubawa shi ne ido, wato ramin da ƙota ke shiga. In ya tsage ko ya buɗe ya karkace, ajiye shi. Ka duba ƙeyar kuma, in ta baje ta yi leɓe ta ko'ina to an daɗe ana dukanta da guduma ko ana buga ƙarfe da ita, ƙeyar yawancin gatura kuwa ba a taurara ta ba, kuma dukan da ya baje ta sau da yawa ya taɓa idon. Leɓe kaɗan magagari zai gyara. Tsagar da ta ratsa ido kuwa, akwai masu yin walda, ni dai ba zan ɗaga gatarin da aka yi wa walda a ido sama da kaina ba, sai dai ya zauna a bango don kallo.

Sai kuma bakin da aka cinye da washi. Taurin nan ba ya tafiya har ciki, a yawancin gatura inci ɗaya ne ko biyu daga baki, wasu tsofaffin ma jikin baƙin ƙarfe ne mai laushi aka ƙera masa baki da ƙarfe mai tauri. In masu shi na baya sun shekara talatin suna wasawa, zai iya yiwuwa abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Za ka gane daga siffarsa, ya gajarce ya yi dunƙule, ko saman bakin ya zaizaye fiye da ƙasan. In kana da ƙaramin magagari a aljihu ka ɗan goga a bakin, ƙarfe mai tauri ba ya ba da kai da sauƙi, in kuwa magagarin ya nutse kamar yana cin sabulu to ko an ƙona shi ko taurin ya ƙare.

Wajen cire tsatsa, nan ne zumuɗi ke cin mutane. Ruwan khal yana aiki, ban musa ba, har ma yana fito maka da layin da ya raba ƙarfe mai tauri da sauran jiki, abin sha'awa. Matsalar ita ce wanda zai tsoma ya manta har kwana biyar. Khal ba ya tsayawa a tsatsa, in ta ƙare ƙarfen yake ci, sai ka ciro abu ya yi toka-toka ya yi kaushi kamar mai zanzana. Kwana ɗaya ya isa, kana dubawa kana gogewa, in ka ciro ka wanke da ruwan da aka zuba wa bekin soda don ya kashe tsamin, ka busar nan take ka shafa mai, in ka ce sai an jima za ka dawo ka tarar sabuwar tsatsa ta riga ka. Kuma gaskiya ba kowane ƙarfe ne ke buƙatar jiƙo ba. Wannan baƙin tsufan da ke kwance lumui a jikin gatari ba tsatsa mai ci ba ce, kariya ce ma, kuma masu tara kayan nan shi suke so. Ja mai ɓarɓashi ita ce abokiyar gaba.

Masu cire tsatsa da cajar batir da ruwan sodar wanki kuma, waya mai alamar ragi ita ake maƙala wa kayan aikin, mai alamar tarawa a jikin wani guntun ƙarfen banza. In ka juya su, gatarinka ne zai narke a hankali. Kar ka sa ƙarfen nan da ba ya tsatsa a matsayin na banzan don yana sakin guba a ruwan, kuma a fili ake yi ba a rufaffen ɗaki ba saboda iskar da ke tashi tana kama wuta.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne goge tambari. Tambarin nan shi ne takardar haihuwar kayan. Collins a jihar Konetikat ta Amurka suka fara tun 1826, Hults Bruk na Suwidin tun 1697 suke sana'ar ƙarfe, Gränsfors Bruk 1902, ga Kelly, ga Elwell na Ingila, kuma yanayin rubutun da siffar tambarin suna canzawa da zamani, da su ake kintatar shekarun abu. Sai wani ya bi da sanfefa mai kaushi a kan inji wai yana so ya zama kamar madubi, ya tashi da ƙarfe mai ƙyalli marar suna. A zarto abin ya fi muni, don su Disston na Filadelfiya, da suka fara a 1840, zanen da ke jikin faifan zartonsu na baya-baya ba zurfi gare shi ba, shafa biyu mai ƙarfi ya tafi har abada. A nan sanfefa mai laushi za ka naɗe a kan katako mai shafaffen fuska, ka ɗiga mai, ka bi tsawon zarton a hankali. Tsohon fenti kuma ka yi hattara da shi, na da can da yawa akwai dalma a ciki, kar ka goge shi a bushe kana shaƙar ƙurar.

To mun zo kan ƙota. Da farko ka tabbatar ba ka juya kan ba, idon ya fi faɗi ta sama don weji ya samu wurin buɗa katakon, in ka sa shi a kife ba abin da zai riƙe shi. Ana yin wannan kuskuren fiye da yadda kake zato, ni ma na taɓa, sai da na gama ina yaba kaina na ga tambarin a kife. Katakon da aka fi so hikori ne ko ash, ka duba gindin ƙotar, layukan katakon su tafi daidai da bakin gatari, kuma su bi tsawon ƙotar ba su fice ta gefe a tsakiya ba, don daidai inda suka fice nan take karyewa. Kar ka fere da yawa lokaci ɗaya. Ka sa, ka buga gindin ƙotar, ka cire, inda ƙarfe ya bar baƙin shaida nan kaɗai za ka kankare, haka za ka yi ta yi ko sau goma ne. Tsagar weji ta kai kamar kashi biyu cikin uku na zurfin idon, wejin na busasshen katako, a bar ɗan tsini ya leƙo ta sama.

In kuma kai ya fara girgiɗi, don Allah kar ka tsoma shi a ruwa ya kwana. Zai kumbura ya matse, ka ce ka samu dabara, amma kumburin nan murƙushe jijiyoyin katakon yake yi a jikin ƙarfe, ranar da ya bushe sai ya fi da sakwarkwacewa. Cusa ƙusoshi da sukurori ma tsaga katakon kawai suke yi. Cire tsohon wejin ka sa sabo, in ƙotar ta gaji ka canza ta. Banish mai ƙyalli kuma kanta yake sa wa a hannu, kankare shi ka shafa dafaffen man linsid siriri siriri, kana goge ragowar. Tsumman da ka yi aikin da shi kar ka dunƙule ka jefa a kwando, man nan yana yin zafi da kansa yayin da yake bushewa har ya kama wuta, ka shanya shi a buɗe a waje ko ka nutsa shi a ruwa.

Sauran kayan a gurguje: kurfi da wuƙar abin aske katako, bayansu za ka duba, in tsatsa ta yi ramuka kusa da baki kaifin ba zai taɓa zama ba sai ka cinye wurin. Abin aske katako irin na Stanley ko Record jikinsa ƙarfen zubi ne, in ya faɗi tsagewa yake, ka duba gefen bakinsa da kyau kafin ka ɗauka. Tsohon magagarin da haƙoransa suka mutu kuwa bar shi inda ka gan shi.

Abu ɗaya da ya rage game da washi, ba kowane gatari ake wasawa ta fuska biyu ba. Akwai masu faɗin baki na sassaƙe gungume, ɗaya fuskar a shafe take da gangan kamar ta gizago ko kurfi, in ka zo ka yi mata gangare wai kana daidaitawa ka ɓata shi ke nan. Na sara kuwa kar ka sirantar da shi kamar reza, bakin ya ɗan yi tudu a bayan kaifin, wajen digiri 25 zuwa 30, na faskare ya fi haka kauri. Kan da na ƙona a wuta ɗin nan har yau yana nan, da shi nake tokare ƙofar ɗakin aiki.