Babi na Shida: Sifikar Tebur ko Ta Ƙasa, Wacce Ta Dace da Kwamfutarku?

Sifikar da ke cikin laftof ƙarama ce ƙwarai. Idan fanka na juyawa, ko janareton maƙwabci na ruri, sai mutum ya kara kunne kafin ya ji abin da malami ke faɗa a tafsiri. Kwamfuta mai akwati kuwa, yawancinta ba ta magana sam sai an jona mata sifika. Ku karanta babin nan a hankali, kwamfutar na gabanku. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya zauna kusa da ɗan'uwansa su bi tare, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: A ina za ku zauna?

Sifikar tebur biyu ce, ta dama da ta hagu, kowacce tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ana ajiye su a gefen allon kwamfuta. Sifikar ƙasa kuwa dogon akwati ce, tsayinta wajen mita 1, tana kai wa mutum ƙugu, kuma a ƙasa take tsayawa.

Kafin ku nufi babbar kasuwar Katsina, ku zauna a inda kuka saba zama in za ku yi aiki da kwamfuta. Ku auna daga kunnenku zuwa allon. In tazarar ba ta wuce kamu biyu ba, wato kusan mita 1, sifikar tebur ce taku. Don mai zama kusa aka ƙera ta. Ta ƙasa tana son a ba ta fili, mai saurare ya ja baya kamar mita 2 zuwa 3, sannan sautin ƙaramin bakinta na sama da na babban bakinta na ƙasa su haɗu su yi daɗi. In kuka matse ta a jikin tebur cikin ƙaramin ɗaki, tebur zai tare rabin sautin, sauran kuma ya yi ta dukan bango yana gunji, maganar ma ba za ta fita sarai ba.

Ni dai shawarata, mai sauraren karatu ko labarai shi kaɗai a ɗaki, da mai shagon buga takardu, da uwargidan da ke kunna wa yara darasi, duk ta tebur ta ishe su. Ta ƙasa sai mai babban zaure, ko ajin Islamiyya da ɗalibai ke zaune har bakin ƙofa. Na san ta fi cika ido in baƙo ya shigo. Amma kuɗin kwano nawa na gero za ta ci?

Darasi na 2: Tambayar da za ku yi wa mai shago

Sautin da ke fitowa daga kwamfuta ba shi da ƙarfi, iyakacinsa ya motsa abin saurare na kunne. Na'urar da ke ƙara masa ƙarfi sunanta amfilifaya. Yawancin sifikun tebur an saka musu ita a ciki. Yawancin na ƙasa ba su da ita, daban ake saye, kuma sau da yawa kuɗinta ba kaɗan ba ne. Sifikar ƙasa da babu amfilifaya amalanke ce da babu shanun ja.

Ku ce wa mai shago: "Malam, amfilifayarta a ciki take, ko daban zan saya?" Sannan ku juya bayanta ku duba da idonku. In akwai wayar da ake sakawa a wuta, da maɓallin ƙara sauti, to tana da amfilifaya. In ba ku ga komai ba sai wurin ɗaura waya guda biyu, ja da baƙi, to ba ta da ita.

Ku tuna da halin wutarmu. Ƙananan sifikun tebur da yawa daga ramin USB na kwamfutar, wato siririn ramin nan mai kusurwa huɗu, suke shan wuta, bolt 5 kacal, don haka ko KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ta ɗauke wuta, muddin batirin laftof na da caji za ku ci gaba da saurare. Amfilifaya kuwa sai wutar soket ko janareto ko inbata.

Darasi na 3: Ramin kore

A nan ne mutane suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Ku ɗauki wayar da ta fito daga bayan sifikar tebur. A bakinta akwai ɗan siririn ƙarfe mai zobba biyu, kaurinsa milimita 3.5. Sau da yawa robar da ke riƙe da shi kore ce. Ku riƙe shi a hannun dama. Yanzu ku zagaya bayan akwatin kwamfuta. Za ku ga ƙananan ramuka uku a jere, girmansu ɗaya, launinsu ne kawai ya bambanta: shuɗi, kore, da ruwan hoda. Tun wajen 1999 kamfanonin Microsoft da Intel suka tsara waɗannan launuka, masu ƙera kwamfuta suka bi, don kada mutane su riƙa ruɗewa.

Kore shi ne na sifika. Daga nan sauti ke fita. Ruwan hoda na makirfo ne, ta nan magana ke shiga. Shuɗi na shigar da sauti ne daga wata na'ura kamar rediyo. Biyu na shiga ne, ɗaya ne kawai na fita, kuma shi ne kore.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙarfen zai shiga kowanne daga cikin ukun lafiya lau. Shigarsa ba ta nuna an yi daidai. In kuka sa a ruwan hoda ba abin da zai ƙone, kada ku tsorata, sai dai ba za ku ji komai ba. Ku zare, ku mayar a kore.

Bayan tebur akwai duhu, ga ƙurar hunturu da kan rufe launin. Ku kunna tocilar waya ku haska, ku goge wurin da busasshen ƙyalle. Ku nuna ramin da yatsa, ku ce da baki: "kore". Sannan ku sa. Ku tura har ƙarshe, sai kun ji ya yi ƙas, kuma ba ku ganin ƙarfen ko kaɗan. In ya shiga rabi, sifika ɗaya ce za ta yi magana, ko ku ji sautin can ƙasa-ƙasa da ƙugi. Ku zare ku sake sawa sau uku don hannu ya saba. Madalla, haka ake yi.

Masu laftof, galibi rami ɗaya gare ku a gefe, ba shi da launi, akwai ɗan zanen abin saurare na kunne kusa da shi. Shi ne korenku.

Bayan haka ku sa wayar wuta, wato ta USB ko ta soket. Wayoyi biyu ke nan: ɗaya ta sauti, ɗaya ta wuta. Ku murɗa maɓallin sauti zuwa ƙasa gaba ɗaya, ku kunna sifikar, ku sa karatu, sannan ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In shiru, ku dubi ƙasan allo ta dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton sifika. In da alamar × a jikinsa, an rufe sautin ne, ku danna ku buɗe. In har yanzu shiru, ku koma baya da tocila. Wane rami ne? Kore ne?

Jama'a, zan faɗa muku gaskiya. Ba daidai ba ne dattijo ya ɗauki sifika sabuwa fil ya hau Keke Napep ya koma kasuwa yana yi wa mai shago faɗa wai an sayar masa da matacciya, alhali a ruwan hoda ya sa waya. Kuɗin mota ya tafi, an ɓata wa bawan Allah rai a banza. Kuma masu cewa "bari yaro ya dawo daga makaranta ya jona mini", to me ya kawo ku aji? Kun iya bambance ɗanyen ganye da busasshe, kun iya gane kore. Ku duba kafin ku sa, ku sake dubawa bayan kun sa.

Sifikar da bayanta ya nuna R tana hannun damanku, mai L tana hagu. Ku ɗan karkato su su fuskance ku, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kanku.

Darasi na 4: Ga wanda ya zaɓi ta ƙasa

Ku sayi waya mai siririn ƙarfe a baki ɗaya, da kawuna biyu, ja da fari, a ɗaya bakin. Siririn ƙarfen, kun sani, ramin kore. Ja da fari su shiga bayan amfilifaya, launi ya bi launi. Daga amfilifaya zuwa kowace sifika, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, kuma kada gashin wayoyin biyu ya taɓa juna, yana ƙona amfilifaya. Duk wannan a kashe ake yi. Ku janye sifikar daga bango kamar kamu ɗaya.

Darasi na 5: Lambobin jikin kwali

Wat ma'aunin ƙarfin sifika ne. In kun ga wat dubbai da haruffan PMPO, talla ce. Ku nemi lambar da ke kusa da haruffan RMS, ita ce ke nuna ainihin ƙarfinta. A bayan sifikar ƙasa za ku ga 4 ko 6 ko 8 da alamar Ω, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, ku nuna wa mai sayar da amfilifaya ya ba ku wadda ta dace. Ku sa a kunna muku magana, ba kiɗa kaɗai ba, kafin ku biya.

Darasi na 6: Kulawa

Ku rufe sifika da ƙyalle in ba a aiki da ita. Kada a rufe amfilifaya da ƙyalle tana kunne, musamman a zafin Afrilu. Ku kashe kafin a tada janareto. In sai na kusa da ku ya ɗaga murya kafin ku ji shi, sautin ya yi yawa, yana cutar da kunne.

Aikin gida: ku auna tazarar mazauninku da kamu, ku rubuta lambar a littafi, ku zo da ita ranar Asabar.