Ƙwayar ƙiba, maƙoƙo da allurar suga: inda muke kuskure a Maradi

A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira adirenal. Ita ke zuba sinadarin kotizol cikin jini, wanda ke riƙe hawan jini da suga daidai, ya kuma taimaki jiki lokacin ciwo. Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali a garin nan ita yake taɓawa.

Ƴammata da amare suna sayen dekisametazon a hannun masu tallar magani don su yi jiki kafin biki. Ƙwayar kwaikwayon kotizol ce, kuma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da take kawowa ba ƙibar lafiya ba ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi zane, ƙashi ya yi rauni, suga da hawan jini su tashi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da danginta, kuma fata na tsotse su. Babban haɗarin yana zuwa ne ranar da yarinya ta tsorata ta bar ƙwayar lokaci ɗaya. Da jiki ya ga kotizol na shigowa daga waje makonni a jere, adirenal sai ta kwanta barci, kuma ba ta farkawa rana ɗaya. Sai amai, kasala, jiri, jini ya faɗi, har a rasa rai. Gyaran shi ne a ɗauki kwalin a kai wa likita, a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana sha, shi zai riƙa rage ta sannu a hankali. Iyaye mata, don Allah ku bar faɗa a wannan gaɓar, ku raka ta asibiti.

Sai maƙoƙo. Kumburin tayirod ne, tsokar da ke gaban wuya, kuma sau da yawa ƙarancin aidin ke jawo shi. Tsaga da sakiya ba sa rage shi, tabo kawai suke bari. A sayi gishiri mai aidin, a rufe shi a gwangwani nesa da murhu, domin rana da laima na cinye aidin ɗin gishirin da aka baje a faranti. Mai juna biyu tana cikin waɗanda suka fi buƙatar aidin, mikirogiram 250 a rana, saboda ƙwaƙwalwar jaririn. Amma ba kowane maƙoƙo ne gishiri ke gyarawa ba. Wanda ke rama alhali yana cin abinci, zuciya na bugawa da sauri, ido na fitowa, nasa tayirod ɗin aiki ya yi masa yawa. Awon jini na TSH, sinadarin da ke sarrafa aikin tayirod, zai nuna.

Masu ciwon suga kuwa, da yawa suna gudun allurar insulin, wai alamar ciwo ya kai ƙarshe ce. Insulin sinadari ne da jiki da kansa ke yi, kuma tun 1922 ake ceton rayuka da allurarsa. Abin kula shi ne zafinmu na watan Afrilu da Mayu, wanda ke kashe ƙarfinsa. In babu firji, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kada a sa ta cikin ƙanƙara, daskarewa ma lalata ta yake yi. Wanda ke allura kuma zai ɗauki azumi, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a sake masa lissafin yawan insulin ɗin.