Yadda ake gano ƙarfin mace a rikicin sarautar Ingila: misalin Margaret Beaufort

Idan kana neman tasirin mace a yaƙin gidajen Lancaster da York, kada ka fara da jerin waɗanda suka fita fagen daga, ba za ka same ta a can ba. Fara da filaye.

A dokar Ingila ta ƙarni na 15, dukiyar matar aure tana hannun mijinta, don haka a ƙarƙashin sunansa za ka neme ta. Ga Margaret Beaufort, mahaifiyar Sarki Henry na 7, sunayen mazajenta uku za ka bi: Edmund Tudor, Henry Stafford, da Thomas Stanley wanda ta aura a 1472. Nan da yawa ke tuntuɓe. Da ba su ga sunanta a takarda ba, sai su ce ba ta da hannu.

Daga nan ka jera barorinta, ka ga inda kowanne ya ƙare. Reginald Bray, mai karɓar kuɗin filayenta, ya zama na hannun daman ɗanta, Sarki Henry na 7. Likitanta Lewis Caerleon ne ya riƙa kai saƙo ga Elizabeth Woodville, matar marigayi Sarki Edward na 4 na gidan York, a 1483, tana fake a cocin Westminster, kan auren Henry da 'yar Elizabeth ɗin.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce abin da abokan gaba suka yi mata. Majalisar Sarki Richard na 3, ɗan gidan York, ta 1484 ta ƙwace filayenta ta damƙa wa Stanley, aka kuma umarce shi ya tsare ta. Sarki ba ya yi wa wadda ba ya shakka haka. Bayan yaƙin Bosworth na 22 ga Agusta 1485, inda Henry ya ci Richard ya hau sarauta, majalisar ɗanta ta ba ta ikon mallaka ita kaɗai, tamkar marar miji, alhali Stanley na raye. Karanta dokokin nan biyu tare.

Ka yi hattara da marubuta tarihin zamanin. Labarin likitan daga Polydore Vergil ya fito, shi kuwa a inuwar gidan Tudor, wato gidan Henry, ya yi rubutu, sai ka auna maganarsa da takardun majalisa.

Sai kwanan wata. A lokacin, ranar 25 ga Maris ake sauya shekara, don haka haihuwar Henry, 28 ga Janairu 1457, a lissafinsu cikin 1456 take. In ba ka gyara ba, za ka ɗauka an haife shi ubansa na raye, alhali Edmund ya rasu a Nuwamba 1456, ya bar Margaret da ciki tana 'yar shekara 13.