Yadda ake zagayen ɗanɗana abinci a unguwar Italiyawa da bakin ruwan Boston

Wanda ya je Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka, ya ga tallan zagayen cin abinci a ƙafa, to North End ake nufi. Unguwa ce ƙarama, mai lungu-lungu, wadda 'yan Ireland da Yahudawa suka zauna kafin Italiyawa, galibi daga kudancin Italiya da tsibirin Sisili, su mamaye ta tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Jagora zai ɗebi mutane kaɗan, ya bi da su shago-shago, a ɗanɗana nan, a ji tarihi can, har a ɓulla bakin teku. Ga yadda za ka yi ka ci moriyarsa.

Da farko, zaɓi lokaci. Daga Mayu zuwa Oktoba ne ake jin daɗin tafiya. Sanyin Janairu da Fabrairu ba na tsayuwa a bakin titi da faranti a hannu ba ne. Watan Agusta kuwa lokacin bukukuwan unguwar ne: akwai bikin masunta da mutanen garin Sciacca suka fara a 1910, da bikin Saint Anthony da aka fara a 1919. Tituna kan cika maƙil. In kana son kallo, je. In abinci da labari kake so a natse, zaɓi wani mako. Idan ka samu Juma'a ko Asabar ya fi, don ranakun ne kasuwar kayan lambu ta Haymarket ke ci, a ƙofar unguwar.

Sai zaɓen zagayen kansa a intanet. Duba yawan mutane kafin ka duba kuɗi. Shagunan North End matsattsu ne, in an tara mutum ashirin, rabi a waje za su tsaya ba su ji komai ba. Duba kuma ko kuɗin ya haɗa da abincin duka, da kuma ko za a kai bakin ruwa, don wasu a titin Hanover kawai suke ƙarewa. Yawanci zagayen kan ɗauki awa biyu zuwa uku.

Mataki na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi. Kafin ka biya, rubuta musu ka faɗi abin da ba ka ci, dalla-dalla. Cewa "ba na cin alade" kaɗai bai isa ba, domin alade da giya suna ɓoye a girkin Italiyawa a inda baƙo ba zai zata ba. Salami, prosciutto, pancetta da mortadella yawanci duk na alade ne. Ɓawon kanoli, wato soyayyar fulawar da ake naɗewa a cusa mata cuku mai zaƙi, a girkin gargajiya ana kwaɓa shi da kitsen alade da giyar Marsala. Wasu gidajen sun canza, wasu ba su canza ba, sai an tambaya. Tiramisu, wani kayan zaƙi mai gahawa da kirim, kan zo da giya a ciki. Ita kuma shahararriyar miyar Boston mai madara da dankali da naman ƙwanson teku, wadda suke kira chowder, sau da yawa da naman alade ake fara soya ta. Jagoran kirki zai amsa maka kafin ranar, ya tanadar maka madadi. Wanda ya ce "za mu gani in ka zo", nemi wani. Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne: pizza mai tumatir da cuku zalla, burodi da man zaitun, zaitun kansa, gahawa, kifi, da lobsta (wani babban jatan lande na teku), tunda a Malikiyya abin teku halal ne.

Ranar tafiya, kada ka zo da mota, ba wurin ajiye ta. Shiga jirgin ƙasa na cikin gari ka sauka a tashar Haymarket. Sa takalmi mara tsini saboda daɓen bulo da duwatsu, riƙe tsabar kuɗi domin wasu tsofaffin shagunan ba sa karɓar kati, kuma ka zo da ɗan sarari a ciki. Filin shaƙatawar da za ka tsallaka kafin ka shiga unguwar, a da babbar gadar mota ce da aka gina a shekarun 1950, ta raba North End da sauran gari. Sai da aka mayar da titin ƙarƙashin ƙasa sannan aka buɗe filin a 2008.

A ciki, yi hankali da cikinka. Ɗanɗano ake ba da kaɗan-kaɗan, amma yana taruwa. Ana yawan tsayawa a titin Salem, inda Polcari's ke sayar da gahawa da kayan ƙamshi tun 1932, da kuma titin Thacher, inda Regina Pizzeria ke gasa pizza tun 1926. A titin Hanover za ka ga dogayen layuka biyu a shagunan kanoli: Mike's Pastry da Modern Pastry. Mutanen Boston ba su gama gardama kan wanda ya fi ba. Ni dai ina tare da Modern, saboda sai ka saya ake cusa cukun, ɓawon bai yi laushi ba. Tsakanin ci da ci, jagora zai nuna maka gidan Paul Revere, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Amurka, wanda aka gina wajen 1680, da cocin Old North na 1723. Yi masa tambayoyi, kuɗin bakinsa ka biya: wane gari masu shagon nan suka fito, me 'yan unguwa ke saye in baƙi sun watse.

In an gangara titin Commercial, roƙe shi ya tsaya a inda tankin ruwan mazarƙwaila ya fashe ranar 15 ga Janairu, 1919. Ya malale unguwar, ya kashe mutum 21, ya raunata kusan 150. Allon tunawar ƙarami ne, da wuya baƙo ya gano shi shi kaɗai. Daga nan sai a bi gefen ruwa zuwa Long Wharf, tsohuwar matsayar jiragen ruwa, inda galibi ake rufewa da abin teku. Ka nemi lobsta a cikin burodi, ko mai sanyi da mayonis ko mai zafi da man shanu.

Kafin a watse, ba jagora tukuici. A Amurka al'ada ce mai ƙarfi, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin zagayen, kuma a hannu ya fi. In kana son tsarabar gida, koma shagon da ya burge ka bayan an tashi, ka saya a natse. Tashar Aquarium na nan gab da Long Wharf in za ka koma masauki.